Magagari a Bakin Tsohuwar Rupiya

Akwai mutum ɗaya a Doha da har gobe in na hango shi a masallaci nake canza sahu. Bahaushe ne ɗan'uwana, garinmu ɗaya ma, kuma bai taɓa zagina ba ko sau ɗaya. Da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi, don zagi na san yadda ake rama shi. Karatun digiri na uku ya kawo shi ƙasar nan, muna kiransa Dakta tun bai gama ba. Ni dai duk sanda na faɗa da gatse nake faɗa, shi ma ya sani.

Ni mai gadi ne. Na shekara goma sha ɗaya a tsaye a ƙofar wani babban kanti a Mesaimeer, cikin kakin kamfani, ina leƙa jakar mutane ina nuna wa direbobi inda za su ajiye mota. Kwana shida a mako ba mai kallon fuskata. In ana nemana da hannu ake yafito ni, ko a ce yalla, wato yi sauri, a wuce. Ban taɓa kai kukan wannan wurin kowa ba, aikin ke nan, na kuma san abin da ya fito da ni daga gida. Amma ranar Juma'a daban take. Da an sauko daga masallaci sai in hau bas ɗin Asian Town, in ratsa cincirindon leburorin da ke layi a bakin silima, in shiga wani lungu inda wani tsoho Ba'indiye Musulmi yake gyaran agogo. Kowa Haji yake ce masa. A wannan ɗan matsattsen shago ni mutum ne, har kujera gare ni da ba mai zama a kanta ko na makara.

Abin da ke tara mu tsoffin kuɗin Indiya ne na ƙarfe. Kafin a yi riyal, rupiya ake kashewa a ƙasar nan, shi ya sa har yanzu in an rushe tsohon gida ko an zazzage akwatin wata tsohuwa a Umm Salal sai ka ga sun fito. Akwai rupiya ta azurfa mai kan sarauniyar Ingila, akwai rabin rupiya, akwai wani ɗan jan kuɗi mai huji a tsakiya wanda in ka gan shi sai ka rantse kwabonmu ne na da. Leburorin da ke kwashe ɓaraguzai su tsinta su kawo wa Haji. Wasu kuma daga gida suke tahowa da su in sun dawo hutu, rabi na gaske rabi jabu, don can ƙasarsu akwai shaiɗanun da ke zuba na ƙarya su binne a ƙasa ya yi baƙi, su tono shi kamar ya shekara ɗari. Mu biyar zuwa shida muke zama, direbobi da masu gyaran wuta. A sha shayin karak, a zube kuɗi a kan ƙyalle, a yi ta musu da guntun Larabci da guntun Turanci. In musu ya ƙi ƙarewa sai a miƙo mini.

Ba a banza ba. Ubana maƙerin farfaru ne, azurfa ya yi ta bugu har ya bar duniya. Na tashi ina ganin mata suna kawo masa tsoffin sulalla da liyari a ƙulle a bakin zane, ya narka ya ƙera musu awarwaro da 'yan kunne. Kafin ya sa komai a wuta sai ya ɗora shi a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa da wani, ya kasa kunne. Azurfa kuka take yi, siriri mai tsawo, ba ta saurin yin shiru. Darma kuwa ƙwas take yi ta mutu. Ban gaji sana'ar ba, amma na gaji kunnen. Ranar da na fara shiga shagon Haji agogona na kai gyara, na tarar suna ta cacar baki a kan wata rupiya. Na ce su ba ni in gani. Suka kalli juna, suka ba ni don su ga ƙarshen karambanin baƙin mutum. Na buga sau ɗaya, na ce wannan ko kusa. Haji ya maƙala gilashinsa a ido ya bi gefenta, ya ga layin da zubi ke bari, ya ɗago ya ce, "Mu'allim." Tun daga ranar ba wanda ya sake tambayata aikin da nake yi. Ni ma na shiga tarawa, har na cika gwangwanin alewa biyu da nake turawa ƙarƙashin gadona a masaukin kamfani.

Dakta kuwa ni na kai shi da ƙafata, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. A wani buɗa-baki na 'yan Najeriya muka haɗu. Da na ji garinmu ɗaya sai baki ya ɗebe ni, na yi ta ba shi labarin wurin da ake girmama ni. So nake ɗan boko ya ga Indiyawa suna tashi suna ba mai gadi wuri. Juma'ar farko ya zauna shiru kamar mutumin kirki. Ta biyu sai ga shi da ɗan sikeli mai batir, da mayen ƙarfe, da gilashi mai fitila, da hotunan shafukan wani littafi cike da waya. Cikin mako ɗaya fa! Mutumin da jiya bai san bambancin azurfa da cokalin shayi ba, yau shi ne yake mana bayani wai ɗan ɗigon da ke ƙarƙashin furen nan yana nufin a Bombay aka buga kuɗin, in babu ɗigo Kalkata ce, shekara kaza an buga da yawa, shekara kaza kaɗan, don haka wannan ta fi waccan wuyar samu. Yana yi yana gyara zaman tabarau, Indiyawan suna kaɗa kai. Abin haushin, mafi yawan abin da yake faɗa gaskiya ne.

Ya fara taɓa ni ranar da na kawo gwangwanina ɗaya don in nuna musu. Na ɓata rabin yini ina wanke kuɗin da lemon tsami da tokar gawayin turare, yadda ake wanke tasa a gida, har suna ɗaukar ido. Ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu ta gefe, ya juya ta, ya ce da Hausa, "Baba, wa ya goge waɗannan?"

Na ce, "Ni ne. Da wani abu?"

"Ai ka kashe su, Baba. Baƙin nan shi ne shaidar shekarunsu. Ba a wanke tsohon kuɗi."

Da ya tsaya nan da na haɗiye. Ina! Sai ya juya ya fassara wa sauran da Turanci, har da sa kuɗin a ƙarƙashin gilashi yana nuna musu ƙananan karce, suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ji na yi kamar an tuɓe mini wando a tsakiyar kasuwa. Ga "Baba" ɗin nan nasa mai laushi, wanda in ya faɗa sai ka ji kamar tsallakar da kai titi yake yi. Na ce masa, "Dakta, lokacin da nake ja wa ubana zugazugi kai ko cikinka ba a yi ba." Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Baba." Kai, mutumin nan ya iya cin mutunci cikin ladabi.

Daga nan zama ya canza. In an kawo kuɗi ni in buga, shi ya auna. Yawanci bakinmu yana zuwa ɗaya, amma ni ba yaro ba ne, na ga abin da ke faruwa. Da, in na ce gangariya ce, sai a ce khalas, magana ta ƙare, a ɗauko wata. Yanzu sai su juya su kalle shi tukuna, kunnena ya koma sai wani ya sa masa hannu. Akwai ranar da na ce wata rabin rupiya ta gaske ce, ya yi minti biyar yana jujjuya ta kafin ya ce haka ne, mai ita kuma ya miƙa masa hannu shi yana godiya. Ni ina zaune kamar kayan shago. Nakan dawo masauki na cika na yi fam, in yi mako guda a bakin ƙofar kanti ina shirya maganar da zan gasa masa, in Juma'a ta zo ya gaishe ni har da rusunawa, maganar ta maƙale. Haji ne kaɗai bai canza ba. Shi har lokacin a hannuna yake fara sa kuɗi, kuma saboda shi kaɗai nake ci gaba da zuwa.

Ana haka sai labari ya zo Haji zai koma gida gaba ɗaya. Idanunsa sun gaji da ƙananan ƙusoshin agogo, 'ya'yansa kuma sun matsa masa. Saura mako ɗaya da 'yan kwanaki ya tafi, wata Juma'a da la'asar, ana zafin nan da ko na'urar sanyi takan sallama, ya tashi ya rufe ƙofar shago da kansa. Ya zura hannu cikin wuyan rigarsa ya ciro wata 'yar jakar fata da ke rataye a igiya. Duk shekarun nan ban taɓa sanin tana nan ba. Rupiya ɗaya ce a ciki, baƙa-baƙa, ta sha hannu.

Ya ce ta mahaifinsa ce. Ranar da zai taho ƙasar nan yana saurayi mahaifin ya damƙa masa ita a bakin jirgi, ba su sake ganin juna ba. Ya nuna mana ƙirjin sarkin Ingila da ke jikinta, mai gemu da kambi. A sarƙar wuyansa akwai wata 'yar giwa mitsitsiya, sai da gilashi ake ganinta. Ya ce a bugun farko na zamanin sarkin nan maƙeran Turawa sun ɓata giwar, ta fito sak alade. Musulmin Indiya suka ƙi yarda da kuɗin, dole aka janye su aka narka, aka gyara giwar a bugu na gaba. Wannan tana cikin waɗanda suka tsira. Mahaifinsa ya adana ta ne yana nuna wa 'ya'yansa, yana ba su labarin lokacin da talakawa suka sa Turawa suka kwashe kuɗinsu. Yanzu shi kuma jikarsa zai ba. Ba sayarwa zai yi ba, bai ma tambayi darajarta ba. So yake kawai kafin ya ba yarinyar ya ji daga bakinmu cewa abin da ya rataya a ƙirji duk rayuwarsa ba ƙarya ba ne.

Ya sa ta a tafin hannuna. Na ɗora a yatsa na buga. Allah ne shaidata, na daɗe ban ji kuka mai tsabta irin wannan ba. Na ce, "Haji, azurfa ce, ta gaske ce. Kwantar da hankalinka." Fuskar tsohon ta washe.

Sai Dakta ya ce, "Baba, ɗan ba ni in gani."

Ya auna, ya ɓata fuska, ya sake aunawa. Ya ce nauyinta bai cika ba. Na ce kuɗin da ya haura shekara ɗari yana gogar hannu da fata ai dole ya rage. Bai kula ni ba. Ya haska fitilarsa a gefe, ya nuna wani ɗan tabo mai ruwan ɗorawa, ya ce yana tsoron ruwan azurfa aka shafa ya fara ɓarewa, tagulla ce a ciki. Ya ce irin wannan mai aladen tana cikin waɗanda 'yan jabu ke son kwaikwayo tunda an san ana nemanta. Na ce to ai tun zamanin mahaifinsa take hannunsu. Ya ce jabu ba yau aka fara ba.

"Ni ban ce ƙarya ce ba, Baba," in ji shi. "Na ce ban gamsu ba. Buguwa kaɗai ba ta isa hujja ba. A kai ta inda ke da na'ura a gwada."

Kamar kullum, ya juya ya maimaita musu da Turanci. Na kalli Haji. Fara'ar da na sa masa ta gudu. Ya dube ni, ya dubi Dakta, ya ce a hankali, "To, ko a kai ɗin?"

Haji fa. Shi ma.

Nan idona ya rufe. A maƙerar ubana, in mai kuɗi ta yi gardama ko kunne ya yi shakka, akwai gwaji na ƙarshe da ba a musu bayansa. Magagari ake ɗauka a goge bakin kuɗin a ga cikinsa, in fari ne har ciki magana ta ƙare. Ba wanda ya taɓa damuwa da gurbin da aka yi, tunda kuɗin ko ta yaya wuta zai shiga. Na ga an yi haka sau ba adadi, hannuna ya san shi tun kafin in yi wayo. A kan teburin Haji kuwa, a cikin ƙananan kayan aikinsa, ga ɗan magagarinsa na gyaran agogo a kwance.

Na fizge rupiyar daga hannun Dakta. Na ji yana cewa, "Baba! Baba, don Allah tsaya!" Turancin ya gudu, sai Hausa. Na danne ta a bakin tebur da babban yatsa na ja sau uku. Sau uku kacal, amma da ƙarfin wanda ya yi watanni yana haɗiye baƙin ciki. Garin azurfa ya zubo a kan ƙyalle. Na ɗaga ta sama, gurbin yana walƙiya fari fat har ciki, daidai inda tabon nasa yake.

Na ce, "Ga ta nan! Ina tagullar? Dakta, ina tagullar taka? Sa gilashin naka ka nemo mana ita mana! Fassara musu, ai ka iya fassara. Gaya musu mai gadi ya fi littafinka!"

Ina huci ina jiran a tafa mini. Ba wanda ya tafa. Wani direba ɗan Nepal da muke zama da shi ya dafe kai da hannu biyu. Dakta ya karɓi kuɗin ya duba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka yi gaskiya, Baba. Ta gaske ce." Har wannan ladabin nasa ma na tsane shi.

Haji ya miƙo hannu aka ba shi. Bai sa gilashi ba. Ya bi gefenta da babban yatsa a hankali, yatsan ya zo gurbin ya tsaya. Ya sake zagayowa, ya sake tsayawa a wurin. Sai a lokacin na ga magagarin ya ci har cikin rubutun da ke kewaye da kan sarkin, ya cinye rabin harafi. Sannan tsohon ya sunkuya a kan tebur. Ya lashi yatsa, ya riƙa dangwalar garin azurfar da ke kan ƙyalle yana kakkaɓewa a cikin 'yar jakar fatar, har sai da bai bar ko ƙwaya ba. Ya ce, "Shukran. Ta gaske ce." Ya tashi ya buɗe ƙofa, muka watse ba a ko sha shayi ba.

A bakin titi Dakta ya biyo ni wai zai rage mini hanya, yana da 'yar motarsa. Na ce masa, "Kai ka jawo. Da ka ja bakinka ka yi shiru da tsohon nan ya tafi gida da farin cikinsa."

Ya ce, "Na yi kuskure a kan tabon, Baba, na yarda. Amma ni ban sa mata ƙarfe ba."

Na ce ya ɓace mini da gani kafin in yi abin da zai sa a kore ni daga ƙasar. Na tsaya a rana na jira bas.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Ina tsaye a ƙofar kanti ina shari'a ni kaɗai, kullum kuma Dakta nake kayarwa. Wa ya aike shi? Me ya sani a kan azurfa? Ba ga shi na ƙaryata shi a gaban kowa ba? Har yau in ka tambaye ni zan ce maka shi ya tunzura ni, ba kuma zan janye ba. Amma duk sanda na kai ƙarshen shari'ar sai in ga tsohon nan yana lasar yatsa, abinci ya fita raina.

Juma'ar ƙarshe na je da wuri. Na ɗauki rupiyar da na fi ji da ita, mai kan sarauniya tana yarinya, wadda Allah ya sa ban wanke ba. Na tarar da Haji yana ɗaure kwalaye. Na gaishe shi ya amsa da sakin fuska, ya zuba mini karak da hannunsa. Na ajiye kuɗin a gabansa, na ce ya kai wa jikarsa, ya kuma yafe mini don Allah. Ya ɗauka ya duba ta sosai, ya yaba, ya ce samun irinta da kyau haka sai an sha wuya. Sannan ya turo mini ita da yatsa ɗaya.

"Riƙe abinka," in ji shi. "Wannan ba ta san hannun babana ba."

Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe, don ba mutum ne mai baki biyu ba.

Sauran suka hallara don sallama. Dakta ma ya zo, ya gaishe ni na ƙi amsawa, ya nemi gefe ya zauna. Ba wanda ya tayar da zancen makon jiya. Can sai ga wani lebura ɗan Bangaladash da ban taɓa gani ba, da rigar aiki duk siminti, yana tambayar ina baƙin mutumin nan da ke gane kuɗi da kunne. Tun watannin baya aka ba shi labarina a masaukinsu, sai yau ya samu zuwa. Ya kwance ƙullin hankici, ga rabin rupiya da ya ce ta kakarsa ce. Na gyara zama a kujerata. Na goge tafin hannuna a wando na miƙa masa, ya matso zai sa mini.

Sai direban nan ɗan Nepal ya faɗa masa wata gajeruwar magana da yaren Indiya da duk suke ji, bai ko kalle ni ba. Leburan ya tsaya. Ya dubi hannuna, ya dubi teburin da kayan aikin Haji suke kai, ya dunƙule nasa hannun ya mayar ƙirji. Na juya wurin Haji ko zai ce wani abu. Yana ta naɗa igiya a kwali, bai ɗago ba.

Dakta ne ya yi magana, da Hausa, a hankali don kada sauran su gane.

"Baba, sauke hannunka."

Sai a lokacin na lura har yanzu a miƙe yake.